Tambaya da Amsa: Bulgeriya ta saki kuɗinta ta kama yuro, mu ƴan Maraɗi mi ya shafe mu?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wanga karo kusan duk kan magana guda sunka faɗa, wato kuɗi da iyaka da shiga ƙungiya ko fita daga cikinta, kuma mafi yawa daga Maraɗi sunka fito, shi ya sa na haɗa guda huɗu wuri ɗaya tunda amsar wani tana shiga cikin ta wani.

Tambaya ta farko daga wani Alhaji mai canjin kuɗi a Babbar Kasuwa:

"Malam barka da aiki. Na ji a rediyo wai wata ƙasa Bulgeriya ta aje kuɗinta da kanta ta koma cin yuro. To mu nan kullum hirar da ake a fada ita ce yaushe za mu rabu da sefa mu buga namu. Su suna neman ƙofar shiga mu muna neman ta fita, wa ke da gaskiya tsakaninmu? Ni dai canji ne sana'ata, abin da ya samu naira da idona na gan shi."

Alhaji Allah shi ƙara buɗi. Abin da ka ji gaskiya ne, ranar 1 ga Janairu 2026 Bulgeriya ta zama ƙasa ta 21 da ke cin yuro, kuɗinsu da ake kira lef wanda sunka fi shekara ɗari suna kashewa ya tafi hutu. Amma in ka tsaya kan ranar kaɗai ba za ka gane komi ba, sai mun koma baya mun ga wutar da sunka sha kafin nan.

Bulgeriya ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai, maƙwabciyar Turkiyya da Girka da Romaniya, babban birninta Sofiya. Shekaru arba'in da ɗoriya tana ƙarƙashin tsarin gurguzu, gona ta gwamnati, masana'anta ta gwamnati, farashin burodi ma gwamnati ke yanke shi, kuma mafi yawan abin da suke fitarwa waje Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta ke saye. Mutum guda, Todor Zhivkov, ya riƙe ƙasar tun 1954 har 10 ga Nuwamba 1989 da ƴan jam'iyyarshi sunka ture shi. To daga nan ne matsala ta fito fili, don mai sayen kayan nasu ya rushe, masana'antu sunka wayi gari da kayan da ba mai so, ga bashin waje wajen dalar Amurka biliyan 10, har a 1990 gwamnati ta ce ita kam ta dakata da biya.

Wasu ƙasashen irin su Folan sun daure sun yi gyaran da zafi-zafi, su Bulgeriya sai sunka yi ta jan ƙafa, kuma jan ƙafar akwai masu cin moriyarshi. Masana'antar gwamnati tana faɗuwa, sai a sa banki shi ba ta bashi don kar a sallami ma'aikata, bankin ya san ba za a biya ba, in ya ƙafe sai babban banki shi buga sabbin takardu shi cika mishi. A gefe guda kuma wasu masu uwa a gindin murhu sun buɗe kamfanoni a bakin ƙofar masana'antun, su ke sayar musu da kayan aiki da tsada, su ke saye abin da anka ƙera da araha, riba tasu asara ta ƙasa. Shekara shida ana haka.

A 1996 abin ya fashe. Bankuna fiye da goma sunka rufe da ajiyar mutane a ciki, alkama ta yi ƙaranci a ƙasar da ke noma alkama, mutane na layin burodi cikin sanyin hunturu. Kai da ke canji wanga lissafi zai fi shiga ranka: farkon 1996 dalar Amurka guda wajen lef 70 ce, zuwa Fabrairu 1997 ta kai wajen lef 3,000. A cikin watan Fabrairun nan kaɗai farashin kaya ya tashi da sama da kashi 240 cikin ɗari, wato abin da ka saya jika guda ranar ɗaya ga wata kafin wata shi mutu ya haura jika uku. Tsoho ya yi aiki shekara talatin, kuɗin fanshonshi na wata ba su wuce ƴan daloli ba. Ranar 10 ga Janairu 1997 jama'a sunka kutsa cikin majalisar dokoki a Sofiya, ƴan gurguzun da sunka canza suna sunka haƙura da mulki, anka yi zaɓe kafin lokaci, Ivan Kostov ya zama firaminista.

Maganin da sunka sha ranar 1 ga Yuli 1997, da shawarar FMI, wato asusun ba da lamuni na duniya, shi ne sunka ɗaure hannun babban bankinsu da doka. Anka ce lef 1,000 daidai yake da mak guda na Jamus, ba ragi ba ƙari, kuma babban banki ba shi da ikon fitar da lef ko guda sai in akwai kuɗin waje da ke tsaye a madadinshi cikin asusu, sannan an hana shi ranta ma gwamnati ko sisi. Ka ɗauka mai sito ne da anka ce ba zai rubuta takardar shaidar buhu ba sai buhun ya shiga sito an ƙirga, duk wanda ya zo da takarda kuma dole a fiddo mishi buhunshi. Shi ke nan dabarar. Kuma ta yi aiki da sauri, 1997 ta ƙare da hauhawar farashi sama da kashi 500, zuwa ƙarshen 1998 ta sauko ƙasa da kashi 2. A 1999 sunka goge sifiri uku, lef guda ya zama mak guda, da Jamus ta koma yuro sai lef ya gaji lissafin mak ɗin, yuro guda lef 1.95583, kuma a kan wanga farashi ɗin dai anka canza musu kuɗin a 2026, bai motsa ba.

Kar a ce kyauta anka samu. Tunda ba damar buga kuɗi a rufe asara, dole anka sayar da masana'antu ko anka kulle su, wasu an sayar da su a wulaƙance ga ƴan gaban goshi, rashin aikin yi ya haura kashi 17 wajen shekarar 2000, akwai garuruwan da har yau ba su farfaɗo ba.

To Alhaji wa ke da gaskiya? Ni a ganina ba shiga ko fita ce asalin maganar ba. Ƴan Bulgeriya sun ga abin da ke faruwa in mai mulki na da mabuɗin injin buga kuɗi kuma ba mai ce mishi bari, shi ya sa sunka karɓe mabuɗin tun 1997, shiga yuro ƙarshen tafiyar ce kawai. Kuma ko a can ba kowa ya yi murna ba, kusan rabin jama'a ba su so, an yi zanga-zanga a 2025, shugaban ƙasa na lokacin Rumen Radev ya nemi a yi ƙuri'ar raba gardama majalisa ba ta yarda ba, tsoron talakawa shi ne ƴan kasuwa su fake da canjin su ƙara farashi, har sai da anka tilasta ma masu shaguna su riƙa liƙa farashi biyu, na lef da na yuro, tun watan Agusta 2025. Mu kuma in muna son namu kuɗin, haƙƙinmu ne, ba wanda zai ce ƙasa ba ta isa ta buga kuɗinta ba, Muritaniya ta fita daga sefa a 1973 kuma tana nan da kuɗinta har gobe. Amma Mali ma ta fita a 1962, a 1967 anka karya darajar kuɗin nata da rabi, a 1984 ta dawo, ana karɓar faran biyu na Mali a ba ka sefa guda. Tambayar da nike so ka riƙa jefa ma ƴan fadarku ita ce, ran da anka buga sabon kuɗin, mi ke cikin asusu da zai tsaya mishi, kuma wace doka za ta hana gwamnati, kowace iri ce, ta soja ko ta farar hula, ta sa hannu in albashi ya gagara. Naira kuɗin ƙasa ce mai cikakken iko, ga fetur ga mutane sama da miliyan 200, amma ka ga yadda daga wajen 460 a farashin gwamnati tsakiyar 2023 ta haura 1,500 kan dala guda farkon 2024, kuma ka fi ni sanin Katsinawa nawa sunka riƙa zuwa teburinka suna neman sefa su aje.

Tambaya ta biyu daga wani ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:

"Malam, in ɗaure kuɗi da na Turawa ne magani, ai mu namu a ɗaure yake tun kafin a haifi kakana. Don mi su sunka ci gaba mu muna nan jiya i yau?"

Ƙanena wagga tambaya ita ce zuciyar maganar duka, kuma na ji daɗi da ɗalibi ya yi ta. Gaskiyarka, yuro guda sefa 655.957 ne, dala ɗari da talatin da ɗaya da ƴan kai a lissafinmu na kasuwa, kuma mun gaje shi ne daga faran na Faransa kamar yadda lef ya gaji nashi daga mak. Tun karya darajar da anka yi a Janairu 1994, wadda iyayenka ba za su manta ba don dare guda kuɗin hannunsu ya koma rabi a kasuwar duniya, farashin bai sake motsi ba. Shi ya sa hauhawar farashi a ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu cin sefa, ba ta kai ta Najeriya ko Gana ba. Wanga abu ne mai kyau kuma kar a raina shi, sai dai tsayayyen kuɗi ba ya ƙera komi, ba ya gina hanya, ba ya sa alƙali shi yi adalci. Abin da yake yi kawai shi ne shi bari mai jari shi iya lissafin baɗi.

Abin da Bulgeriya ta samu wanda mu ba mu samu ba shi ne abin da ya biyo bayan ɗaurin. Ta miƙa takardar neman shiga Tarayyar Turai a Disamba 1995, an fara tattaunawa a 2000, an sa hannu a 2005, ta shiga ranar 1 ga Janairu 2007 tare da Romaniya. Tsakanin nan ba zaman jira sunka yi ba, babi 31 anka shimfiɗa musu, kowane babi sai ka canza dokokinka sun dace da nasu kafin a rufe shi, daga yadda ake tatsar madara da yanka dabba a mahauta har zuwa kotu da duwan da kwangilar gwamnati. Ladan wahalar kuwa kasuwa ce ta mutane wajen miliyan 450 masu kuɗi, wadda kayanka ke shiga ba haraji ba shinge. Kamfanonin Jamus da sauransu sunka zo sunka kafa masana'antun kayan gyaran mota da na lantarki a wajen Sofiya da Plovdiv don albashi da sauƙi kuma harajin riba kashi 10 ne kacal, Sofiya ta cika da matasa masu aikin kwamfuta, ga kuma biliyoyin yuro na tallafi da anka zuba a hanyoyi da jirgin ƙarƙashin ƙasa da manoma. A 2007 abin da ɗan Bulgeriya ke samu wajen kashi 40 ne na matsakaicin ɗan Tarayyar, yanzu ya haura kashi 60. Har yanzu suna cikin na ƙarshe a layi, amma layin ya matsa gaba da su.

Mu kuma fa? An ɗaure kuɗinmu da na Turai amma ba a buɗe muna ƙofar da anka buɗe musu ba, kuma mu ma ba mu shirya abin da za mu shiga da shi ba. Dubi ayar da ake nomawa a jihar nan, da riɗi da wake da gyaɗa, da fatar jar akuyar Maraɗi da duniya ta san ingancinta, nawa ne ke fita a sarrafe? Buhu-buhu suke tsallaka Ɗan Isa ɗanye, wani can shi ne zai gyara shi sa a kwali shi ci ribar. Wanga ba laifin sefa ba ne kaɗai kuma canza sunan kuɗi ba zai gyara shi ba, magana ce ta wutar lantarki da bashin banki mai sauƙin ruwa da kotun da za ta ƙwato ma mai jari haƙƙinshi.

Akwai bambanci guda kuma da ya kamata a faɗa don masu sukar sefa suna da hujja a nan. Yanzu da Bulgeriya ta shiga yuro, gwamnan babban bankinta na da kujera a Babban Bankin Turai da ke Frankfurt, wurin da ake yanke shawarar kuɗin. Mu namu yana bin yuro sawu da ƙafa amma ba mu da kujera a can. An yi gyara bayan sanarwar Ouattara da Macron ta Disamba 2019, an daina aje rabin kuɗin ajiyarmu a baitulmalin Faransa, wakilan Faransa sun fita daga majalisun BCEAO, babban bankin da ke buga sefarmu, amma ɗaurin na nan da lamunin Faransa. Wanda ya ce wanga bai dame shi ba ban yarda da shi ba.

Sai dai kar ka ɗauka su ma ba su biya da ikonsu ba. Suna da tashar nukiliya a Kozlodui bakin kogin Danub, abin alfaharinsu, har maƙwabta suke sayar ma wuta. Tarayyar Turai ta ce tukwane huɗu daga cikin shida tsohon ƙirar Sobiyet ne ba ta yarda da amincinsu ba, ko a kashe su ko ba shiga. Anka kashe biyu ƙarshen 2002, biyu ƙarshen 2006, ana saura kwana kaɗan a shiga, kuma har yau akwai ƴan ƙasar da abin ke musu ciwo. Mu da ke zaune kan yuraniyom muna kwana cikin duhu mun san zafin irin wagga magana. Kuma shigar ba ta wanke su daga cin hanci ba, a 2008 Tarayyar ta dakatar da ɗaruruwan miliyoyin yuro na tallafi saboda an ga kuɗin na zurarewa, an sa musu ido na musamman kan kotuna da rashawa wanda ba a ɗage ba sai 2023, a 2014 banki na huɗu mafi girma a ƙasar ya rushe, daga Afrilu 2021 zuwa Oktoba 2024 kuma sau bakwai sunka yi zaɓen majalisa don an kasa kafa gwamnati mai ɗorewa. Abin da ya riƙe su duk da wagga rigima shi ne ba su ci bashi barkatai ba, a 2024 bashin gwamnatinsu bai kai kashi 30 na arzikin ƙasa ba alhali ƙa'idar shiga yuro kashi 60 ce. Maƙwabciyarsu Girka ta riga su shiga ƙungiyar da yuro ɗin duka, amma ta ci bashi ta ɓoye lissafi, tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a 2015 anka rufe bankuna ana ba mutum yuro 60 kacal a yini.

Tambaya ta uku daga wata malamar makaranta a unguwar Ali Ɗan Sofo:

"Malam ɗana ya gama karatu ba aiki, wani ya ce mishi Bulgeriya ta shiga cikin ƙasashen da ba a tambayar biza tsakaninsu, in ya samu ya shiga can ta Turkiyya sai Jamus. Hankalina ya tashi, don Allah mi ne gaskiyar maganar?"

Malama Allah shi kwantar miki da hankali, ki zaunar da shi ki gaya mishi wanga. Gaskiya ne Bulgeriya ta shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ba a duba takardu a iyakokin da ke tsakaninsu, ta sama da ta ruwa a Maris 2024, ta ƙasa a Janairu 2025, amma wagga dama ta ƴan ƙasashen ce da wanda ya shiga da biza ta halal. Ga ɗan Nijar ma sai dai abin ya ƙara tsauri, don sharaɗin da anka sa musu kafin a karɓe su shi ne su tsare iyakarsu da Turkiyya, akwai shingen waya mai tsawo da karnuka da jami'ai, ga daji ga sanyin da jikinmu bai sani ba. A Fabrairu 2023 gawar ƴan Afganistan 18 anka tarar cikin kamyon katako kusa da Sofiya, masu safarar sun ɓoye su a wani lungu ba iska sunka gudu sunka bar su. Wanda ke gaya mishi hanya ce mai sauƙi, kuɗinshi yake so.

Kuma abin da zai ba ki mamaki su kansu ƴan Bulgeriyar ficewa suke. Ƙarshen shekarun 1980 sun kusa miliyan 9, a ƙidayar 2021 miliyan 6.5 anka samu, wani ɓangare ƙarancin haihuwa wani ɓangare ƙaura, musamman daga 2014 da anka ɗage musu takunkumin aiki a Jamus da Ingila da sauran. Likita ko nas ta gama karatu da kuɗin ƙasa, sai ta ga albashin Jamus ya ninka nata sau da yawa, ta haɗa jaka. Akwai ƙauyuka a arewa maso yammacin ƙasar da ba ka ganin kowa sai tsofaffi, makaranta a kulle don ba yaran da za a koya ma. Wanga ita ce asarar da ta fi yi mini nauyi a duk labarin, kuma mu da matasanmu ke watsewa Libiya da Aljeriya da Legas ba baƙuwa ba ce a gare mu. In yaron na son fita, shi nemi gurbin karatu ko aiki da takarda ta ofishin jakadanci ko da zai ɗau lokaci, kafin nan ki taimaka mishi shi kama wata sana'a ko ƙarama ce don zaman banza shi ke sa irin wagga zuga ta shiga kunne.

Tambaya ta ƙarshe daga wani direban kamyo mai bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina:

"Malam mu da ke kan hanya mu ke ji a jikinmu. Mun fita CEDEAO mun shiga AES, to wanga zai sauƙaƙa muna hanya ko zai ƙara ɗaure ta? Su waɗancan da sunka shiga ƙungiyarsu direbobinsu sun huta?"

Ɗan'uwa Allah shi kiyaye hanya. Bari in fara da ƙarshen tambayarka. Direbobin Bulgeriya ba su huta ranar da anka shiga ba, haraji kan kaya ya faɗi tun 2007 amma duba takardu a iyaka bai faɗi ba, a gadar Ruse da ke haɗa su da Romaniya kamyo-kamyo kan yi layi na kilomitoci, direba shi kwana cikin mota yana jiran a buga mishi hatimi, alhali ƙasashen biyu rana guda sunka shiga ƙungiya guda. Sai Janairu 2025 anka ɗauke shingen, shekara 18 ke nan, don Holan da Ostiriya sun yi ta hawa kujerar na ƙi. Kuma ita Bulgeriyar da ta sha wanga, a 2020 ita ta tare ma maƙwabciyarta Masedoniya ta Arewa hanyar fara tattaunawar shiga saboda gardamar tarihi da harshe, ƙasar da ta riga ta canza sunanta a 2019 don Girka ta bar ta ta wuce. Turkiyya kuwa tun 1987 ta nema har yau tana waje. Ƙungiya wurin ciniki ce, kowa ƙasarshi yake ma yaƙi.

Mu dawo gida. Kun fi kowa sanin abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, anka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da ke zo muna daga Katsina ta Gazawa, magani da abinci sunka yi tsada, kuma ba masu mulki sunka sha wahalar ba, mai tura baro a Ɗan Isa da mai sayar da tuwo a tashar Jibiya su sunka sha. Duk wanda ya ga wanga zai gane dalilin da ya sa zukata sunka juya ma ƙungiyar baya, ni kaina ina ganin rufe ma ƙasar da ba ta da teku hanyar abinci da magani zalunci ne ko mi ne dalilin. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma kafin nan Nijar da Mali da Burkina sun riga sun kafa AES a Satumba 2023, sun sanar da fita a Janairu 2024, daga baya sunka sa hannu kan haɗaka a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024, fitar ta tabbata 29 ga Janairu 2025. A UEMOA kuwa har yanzu muna ciki, shi ya sa sefa ke aljihunka.

Kuma a faɗi gaskiya, ko lokacin da muke cikin CEDEAO, yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ba ta hana a tsayar da kai a shinge bayan shinge ana karɓar na goro ba, ba ta kuma hana gwamnatin Buhari rufe iyaka daga Agusta 2019 har Disamba 2020 ba, kasuwar Maraɗi ta ji a jikinta a lokacin. Amma takardar na da amfani duk da haka, don tana ba ka abin da za ka nuna in an tare ka, tana ba ɗan'uwanka da ke da shago a Kantin Kwari hujjar zama. Bayan fitar CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na ƙasashen uku kuma kaya su ci gaba da wucewa kamar da har sai an cimma matsaya, su ma ƙasashen AES sun ce ƙofarsu a buɗe take ga ƴan CEDEAO. Wanga alkawari ne na wucin gadi, ba yarjejeniya ba.

Abin da nike son hukumominmu su duba shi ne taswira. Daga Maraɗi zuwa iyakar Najeriya bai wuce kilomita 50 ba, Katsina tafiyar safiya ce, Yamai kuwa sama da kilomita 600, balle Wagadugu da Bamako. Bulgeriya ta shiga ƙungiyar da masu sayen kayanta ke ciki, mu kuma mai sayen shanunmu da wakenmu da albasarmu yana kudu ne, duk ƙasashen AES ukun ba mai teku, kuma kusan abu iri guda muke sayarwa, dabbobi da ma'adinai. AES na da ma'anarta ta fuskar tsaro da haɗa kai, ba na musun wanga, amma ba za ta saye ayar Maraɗi ba. Saboda haka abin da zai sauƙaƙa maka hanya shi ne rubutacciyar yarjejeniya da Najeriya kan kaya da mutane, kuma wurin yin ta na nan, hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da anka kafa tun 1971 mai mazauni a Yamai, ga kuma layin dogo na Kano, Katsina, Jibiya zuwa Maraɗi da ake ginawa wanda in ya iso dole a zauna a tsara yadda duwan ɗin ƙasashen biyu za su yi aiki a kai.

Kafin nan kai dai ka tabbatar takardunka a cike suke, katin ɗan ƙasa da lasin da inshorar da ke aiki a ƙetare da takardar kayan da ka ɗauko, in an karɓi kuɗi hannunka ka nemi rasit, kuma ku kai koke ta ƙungiyarku ta direbobi a rubuce, da sunan shingen da ranar da abin da anka karɓa, don shi ne abin da wakilanku za su iya ajewa kan tebur ran da anka zauna da hukuma.